Ƙashin da Ya Danne Mini Hannu

Zuwa ga Yayata, rabin jikina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara da duk wanda ke cin tukunya ɗaya da ku. Yaya jikin Inna? Yaya ƙoƙari da ita? Allah ya ba ki ladan ɗawainiyar mahaifiyarmu da kika ɗauke mana, ya ƙara mata sauƙi, ya sa tsufan ya zo mata da rangwame. Na ji ɗanki na biyu ya kammala karatu, Allah ya sa albarka, ya buɗa masa ƙofar aiki mai amfani. Mu nan muna nan yadda kika san mu. Baban yara yana ta fama da motar hayarsa, ya fita da sassafe ya dawo yana ƙorafin cunkoso. 'Yata kuwa, wadda kika laƙaba wa Lauya saboda gardama, haihuwa ba ta rage mata baki ba. Jaririyar ta shiga wata na biyar, ta yi ɓul-ɓul, goshin nan namu ta kwaso sak, ba ta bar ko kaɗan ba.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga gare ni, alhali ga waya a hannun kowa. Lauya ta gaya mini kin kira ta kina tambaya ko kin yi mini wani laifi ne, don kin ga kwanakin nan ba na daɗewa a kan layi, daga gaisuwa sai in ce ana kira na. Wallahi Yaya ba ki yi mini komai ba. Riƙe waya a kunne ne yake gagarata. Kafin minti biyu hannun ya mutu, in na mayar ɗaya hannun kuma wuyan ya karkace, ciwon ya taso. Ga shi in na ji muryarki, bakina ba ya iya cewa komai sai lafiya lau. Shi ya sa na zaɓi rubutu. Ina yin sa kaɗan-kaɗan, da matashi a ƙarƙashin gwiwar hannu, in rubuta layi biyar in ajiye biro in huta. Idan kin ga haruffan suna tangaɗi, ki yi haƙuri ki karanta haka.

Abin ya soma ne shekara uku da suka wuce. Kin san sana'ata, ɗinkin labule. Rabin yini ina duƙe a kan keke, ɗaya rabin ina bisa tsani a gidajen mutane da ofisoshi, hannu sama, ina huda bango, ina ɗaura ƙarfe, ina zura ƙugiya ɗaya bayan ɗaya. Shekara ashirin da biyu ina haka ban taɓa tunanin jiki yana ajiye abin a ransa ba. Da fari ƙaramin yatsana na dama da na kusa da shi ne suka riƙa mutuwa in na sauko daga tsani. In yarfe hannun, in ce sanyi ne, in ci gaba. Daga nan sai zugi ya fara tasowa daga gindin wuya, ya ratsa ta ƙarƙashin ƙashin nan da ya miƙe daga wuya zuwa kafaɗa, ya bi ta cikin dantse har ƙarshen yatsu. Ban san yadda zan kwatanta miki shi ba. Wani lokaci kamar an zura waya mai zafi a cikin naman ana ja a hankali. Wani lokaci kamar tururuwa ta cika hannun. Wata rana kuma babu zafin, sai dai hannun ya yi sanyi ƙalau, ya yi nauyi, kamar na wani aka ara mini. Ni da nake zura zare a allura ina hira ban ko duba ba, sai ga ni ina kai zare sau shida yana kaucewa. Almakashi ya koma yi mini nauyi kamar guduma.

Babu inda ban je ba. Mai kantin magani ya ce sanyin ƙashi ne, ya ba ni na shafawa mai yaji, na shafa har fata ta saɓule. Wani likita ya ji ciwon yana taɓa ƙirji ya ce a duba zuciya, aka duba aka ce zuciyata ta fi ta budurwa lafiya. Wani ya ce daga wuyan hannu ne, ya sa na ɗaure shi da wani abu mai tauri har wata huɗu, saura kaɗan ma a yanka wurin a banza. Yayar baban yara ta kai ni wurin wani mai ɗori da ta ce ba a taɓa kai masa ciwo ya gagare shi ba. Mutumin nan ya kwantar da ni, ya taka hammatata da ƙafa, ya fizgi hannun da ƙarfinsa duka. Na ga wuta a idona. Mako guda ban iya ɗaga kofi ba. Da na gaya mata abin ya ƙaru, sai ta ce ita dai ba ta taɓa ganin ciwon da babu kumburi babu rauni ba, kuma hannun da yake kai loma baki lafiya lau bai kamata a ce ya kasa shara ba. Ta faɗa da dariya, aka yi dariya, ni ma na taya su. Baban yara bai taɓa furta irin wannan ba, amma akwai wani kallo da yake yi mini in na ce ya sauko mini da tukunya daga saman kantar kicin, kallon mutumin da yake ƙoƙarin yarda amma abin ya ƙi shiga. Wannan kallon ya fi maganar yayarsa ci mini rai.

Abin da ya tsayar da ni ya faru ne bara. Kin tuna abokiyar aikina da muke kira Gajera, wadda ta yi miki labulen falo lokacin da kika zo? Shekara goma sha ɗaya muna tare. Mun sami aiki a wani ofis a hawa na uku, tagogi dogaye har kusa da silin, labule mai nauyi mai shafi biyu, ƙarfen ratayewa kuma ya fi ni tsawo sau biyu. Ina bisa tsani, Gajera tana ƙasa tana riƙe da shi tana miƙo mini kaya. Tun a taga ta biyu na ji hannun yana yi mini kashedi. Ya kamata in sauko, amma manajan wurin yana tsaye a bakin ƙofa yana duba agogo, yana cewa baƙi za su zo da azahar. Na cije na ci gaba. A taga ta huɗu, ina riƙe da ƙarfen a sama ina neman ramin da zai zauna, sai kawai yatsuna suka buɗe. Ba zamewa ya yi ba, Yaya. Ni ban sake shi ba, hannun ne ya sake shi bai shawarce ni ba. Bakin ƙarfen ya sami Gajera a saman gira. Na sauko na tarar da ita zaune dirshan a ƙasa, jini yana bin fuskarta yana ɗiga a kan labulen mutane. Da ya sauka ƙasa da faɗin yatsa ɗaya, da yanzu ido ɗaya gare ta. Ɗinki shida aka yi mata. Muna fitowa daga wurin ɗinkin, da bandeji a goshi, ta ce dama ita gajera ce, ga shi na ƙara buga ta cikin ƙasa. Na kasa dariya. Sai ta kama hannuna ta ce ta rantse ba za ta sake tsayawa ƙarƙashin tsanina ba sai na je babban asibiti an duba ni da gaske.

A can ne, bayan jiran wata biyu, na haɗu da likitar jijiyoyi, wata dattijuwa mai furfura wadda ba ta da yawan magana. Ta bar ni na faɗi komai ba ta katse ni ba. Sannan ta ce in ɗaga hannaye biyu sama kamar wanda 'yan fashi suka tare, in riƙa buɗe yatsu ina dunƙulewa har minti uku. Ban kai rabin minti ba na dama ya yi fari, ya faɗo da kansa. Ta zagayo bayana ta danna wani wuri a gindin wuya da yatsa ɗaya, na yi ƙara, don wutar ta tafi kai tsaye har ƙaramin yatsa. Daga nan ta shimfiɗa tafukana biyu a kan tebur ta ce in duba da kyau. Sai a ranar na lura tudun naman da ke gindin babban yatsana na dama ya lotsa, ya zama kwari, na hagu kuwa yana nan cike. Hannuna ne, kullum ina tare da shi, amma ban gani ba. Aka ɗauki hoton wuya, aka yi mini wani gwaji da ake sa wa hannu wuta kaɗan-kaɗan ana duba yadda jijiya take amsawa. Da sakamako ya fito ta zana mini a takarda. Ta ce jijiyoyin da ke tafiya hannu suna fitowa daga wuya ne, su bi ta wata 'yar siririyar hanya tsakanin ƙashin kafaɗa da haƙarƙari na farko. Ni kuma an haife ni da ƙarin ɗan haƙarƙari a wuya, wanda yawancin mutane ba su da shi, ya tsaya a bakin hanyar. Shekarun ɗaga hannu da duƙawa a kan keke suka sa naman wurin ya ɗaure, kafaɗa ta zubo gaba, hanyar ta ƙara matsewa, jijiyoyin suka shiga tsaka mai wuya. Sunan ciwon dogo ne da Turanci, Lauya ta rubuta ta ajiye. Na zauna a gaban matar nan na yi kuka kamar yarinya. Ta zaci tsoro ne, tana ta ba ni baki. Ba tsoro ba ne. Shekara biyu ina cewa akwai abu a wurin, sai ranar wani ya ce ya gan shi.

Na kawo hoton gida. Baban yara ya ɗaga shi a jikin taga ya daɗe yana kallo, na nuna masa ɗan ƙashin, bai fi rabin yatsa ba. Washegari ya ƙi fita aiki, ya sauko da duk abin da ke saman kantar kicin ya jera a ƙasa, ya kwance igiyar shanya ya ɗaure ta daidai ƙirjina, ya sa katako a ƙarƙashin teburin kekena don in daina duƙawa. Irin tasa ban-haƙurin ke nan, kuma na karɓa.

Tun daga lokacin rayuwata ta koma lallashin hannu. Sau biyu a mako ina zuwa sashen gashin ƙashi. Mai kula da ni a can wata ƙatuwar mata ce mai fara'a, hannunta kamar na maƙeri amma ta san inda za ta taɓa. Abin da ta fara koya mini numfashi ne. Ki ji fa, ina dab da samun jika ake koya mini numfashi. Ta ce da wuya da kafaɗa nake ja, in koma ja da ciki, don naman wuyan ya sami hutu. Ta koya mini in tsaya a bakin ƙofa in dafa gefe da gefe in buɗe ƙirji a hankali, in riƙa jan haɓa baya kamar kazar da aka miƙo wa abin da ba ta so, in haɗa allunan kafaɗa in sake. Ranar da Lauya ta same ni ina jan haɓar nan a gaban madubi, sai da ta zauna don dariya. An hana ni rataya jaka a kafaɗa, an hana ni ɗaukar bokiti, an hana ni kwanciya a ɓangaren dama ko sa hannu ƙarƙashin kai. In zan ɗaura ɗankwali sai in sunkuyar da kai har gwiwa, don hannu ba ya hawa. Tsefe kai da wanke shi sai Lauya ta zo. In na zauna a keke ina sa ƙararrawar waya, bayan kowane minti ashirin in tashi in zagaya shago in dawo, ɗinkin yini ɗaya ya koma na kwana uku. Ko addu'a yanzu gwiwar hannuna manne da haƙarƙari nake yin ta, a gurguje, kafin yatsun su fara. Na san Allah yana ji ko ba a ɗaga ba, amma ina kewar ɗagawar.

Sai maganin sha. Akwai wani da aka ba ni na kwantar da jijiya, kuma gaskiya yana rage wutar, amma da hankalina yake tafiya. In sha in zauna kamar an lulluɓe ni da bargo jiƙaƙƙe. In shiga ɗaki in manta abin da ya kawo ni. Ana magana ina kallon bakin mutum, sai ya gama sannan maganar ta iso. A cikin wannan hali na yanka yadin wata mata, yadin da ta ce 'yarta ce ta aiko mata daga nesa don sabon gidanta. Na auna daidai, na rubuta daidai, na zo yanka na karanta lambar a juye. Labulen taga shida, kowanne ya gaza da kusan taƙi biyu. Da ta zo na gaya mata gaskiya. Na so ta yi faɗa, ta zage ni, in sami abin riƙewa. Ba ta yi ba. Ta ninke yadinta ɗaya bayan ɗaya, ta ce Allah ya ba ni lafiya, ta fita. Shekara tara tana kawo mini aiki, ba ta sake dawowa ba. Na koma wurin likita na ce ta zaɓa mini tsakanin ciwo da hauka. Ta rage na safe ta bar na yamma, ta ce kada in kuskura in yanke shi gaba ɗaya da kaina. Yanzu ina da rabin ciwo da rabin hankali, da su nake lallaɓawa.

Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne yadda ciwo mai daɗewa yake cinye halin mutum. Kin san ni da son mutane da surutu. Yanzu in an yi sallama gabana faɗuwa yake, don na san za a miƙo hannu a girgiza nawa, ko a rungume ni ta ɓangaren da bai kamata ba. A motar haya ina zaɓen kujerar da ba wanda zai goge ni ta dama, in babu in jira wata. Na daina zuwa taron mata. Masu zuwa dubiya sun zo a watan farko, sun gaji, kuma ban ga laifinsu ba, don ba a dubiyar ciwon da ba ya warkewa kuma ba ya kashewa. Idan an tambaye ni jiki na ce da sauƙi, sai a ce alhamdulillahi an warke ke nan. Idan na ce yana nan, sai in ga fuska ta canza, kamar na ƙi karɓar addu'ar da aka yi mini. Akwai ranakun da nake tashi garau, in ji kamar an sake ni daga ɗauri, in share gida, in yi wanki, in ɗinka labule biyu. Washegari sai hannun ya rama, in yini a kwance da robar ruwan zafi a wuya. Ranar nan baban yara ya tambaye ni inda makullinsa yake kawai, na yi masa tsawar da maƙwabta suka ji. Ya tsaya yana kallo na, ya ɗauki hularsa ya fita. Ban san matar da ta yi wannan tsawar ba, amma a jikina take zaune.

Duk wannan zan iya ɗauka, Yaya. Wanda ya karya ni shi ne na watan jiya. Lauya ta zo yini da jaririyar, ta shiga kicin ɗora ruwa, ta bar mini ita a kan shimfiɗa. Yarinyar nan tana son a ɗaga ta sama, da an ɗaga sai ta ƙyalƙyale da dariya. Ranar hannun ya yi mini kirki tun safe. Na ce sau ɗaya dai. Na miƙe tsaye na ɗaga ta daidai fuskata, ta yi dariya, na ƙara ɗagawa kaɗan. Sai na ji abin nan da na ji a bisa tsani. Ta sulluɓe ta dama. Na tare ta da hannun hagu da ƙirji da gwiwa, muka zube tare a kan kujera, kanta ya bugi matashin kujerar, ba katakon ba. Tsakanin matashin da katakon bai kai faɗin tafi ba. Ta tsala ihu don firgita, amma ko ƙwarzane babu. Lauya ta fito a guje da murfin tukunya a hannu. Ta dube ni, ta dubi 'yarta, ta ɗauke ta, ta duba kai da wuya da ƙafafu. Yarinyar da tun tana shekara uku ba a faɗi magana ta bar ta ta faɗi ƙasa ba, ranar rungume 'yarta kawai ta yi ta koma kicin. Har yau ba ta tayar da zancen ba. Sai dai yanzu in ta zo, takan jira in zauna tukuna, ta sa matashi a cinyata, ta ɗora mini jaririyar, ta zauna a gefena tana hira, hannunta ɗaya a buɗe kusa da kan 'yar. Tana zaton ban lura ba. Kuma tana da gaskiya, da ni ce haka zan yi. Amma ki yi tunanin a ce jikarki ta fari sai da mai gadi za ki riƙe ta.

Bayan wannan na koma asibiti. Wata takwas ke nan ina gashi ban taɓa fashi ba. Likita ta ce zugin ya ɗan ragu, amma gwaji ya nuna jijiyar tana ci gaba da lalacewa, naman tafin kuma yana ƙara zubewa. Ta haɗa ni da likitan fiɗa. Za su shiga ta gindin wuya su cire ƙarin ƙashin, su sassauta naman da ya ɗaure. Mutumin bai yi mini daɗin baki ba, kuma na gode masa. Ya ce ana sa ran ciwon zai ragu, amma ba lalle ya tafi duka ba, wasu ma yakan dawo musu bayan shekaru. Ya ce naman da ya riga ya lotsa da wuya ya dawo, aikin don a tsare abin da ya saura ne. Ya ce wurin cike yake da jijiyoyi da hanyoyin jini, ga huhu a kusa, don haka akwai haɗari, ko da yake sun saba. Na tambaye shi ko zan sake hawa tsani. Ya ce in ya ce e, ya yi mini ƙarya. Na sa hannu a takardar amincewa, baban yara ya sa. Nan da mako biyar ne. Tsanin na riga na ba Gajera, ta sami wani magidanci da ke yi mata ɗaurin ƙarfe, ni kuma ina zaune a shago ina karɓar awo ina taya mutane zaɓen launi. Kada ki ce za ki taso. Na san ki, kina gama karanta wannan za ki fara neman jaka. Lauya da Gajera sun raba kwanakin jinya a tsakaninsu, kuma babu wanda Inna take yarda ya ba ta abinci in ba ke ba. Addu'arki nake so.

Akwai kuma abin da ya sa na ɗauki biro tun farko, na yi ta kewaye-kewaye na kasa isa gare shi. Ranar da muka gama magana da likitan fiɗa, ya tambaye ni ko a danginmu akwai mai irin wannan ciwo, don wani lokaci ƙarin ƙashin yakan bi jini, ko da yake ba kullum ba. Na ce babu. Na fito ina tsaye a bakin titi ina jiran mota, sai na hango wata mata a gilashin wani kanti. Ta tallabe gwiwar hannunta na dama da tafin hagu, ta manna shi a ciki kamar mai rungume da jariri, kanta ya ɗan karkata gefe. Na ce a raina wannan tsayuwar Inna ce. Sai na ga ashe ni ce.

Yaya, ki tuna. Ki tuna shekarun da Inna take wanki da guga na mutane, igiyoyin nan dogaye da Baba ya ɗaura can sama don kada zannuwa su taɓa ƙasa. Ki tuna yadda take shanya biyu ta tsaya, ta yarfe hannu, ta tallabe shi. Kofuna nawa ta fasa a gidan nan? Baba yana cewa hannunta kamar an shafa masa mai, ba ta san darajar kaya ba. Kullum ita ce kiran ɗayanmu ya zura mata zare, alhali idonta garau yake. Muna kwaikwayon tsayuwarta a bayan ɗaki muna dariya, ni da ke. An kai ta asibiti sau ɗaya aka ce ba a ga komai ba, daga ranar kuwa gidan duka ya yanke cewa raki ne. Akwai abin da ke ba ki sani ba, don kin riga kin yi aure. Ina da shekara goma sha biyar, ta ce in shanya mata zannuwan gado, hannunta ya mutu. Ƙawayena suna jira na a ƙofar gida. Na dube ta na ce kullum hannu, kullum hannu, ciwon da ba ya tashi sai an ga aiki, in dai so take ta mayar da ni baiwa ta faɗa kawai. Ba ta mare ni ba, ba ta ko ɗaga murya ba. Ta ce in tafi. Da na kai ƙofa na waiwaya, na gan ta ta ɗauki zanen da haƙori da hannun hagu tana ƙoƙarin jefa shi bisa igiya, yana faɗowa, tana sake jefawa. Na gani da idona, na juya na tafi wurin ƙawayena. Shekara talatin da biyu ban tuna da ranar nan ba. Yanzu kullum sai na gan ta.

Ba ni da tabbacin ciwonmu ɗaya ne, kuma a shekarunta ba wanda zai wahalar da ita da hoto da gwaji. Na kuma san yadda mantuwa ta yi da ita, kin ce wani lokaci ke ma takan tambaye ki ko 'yar wace ce. Wataƙila na makara. Duk da haka ina roƙon ki abu ɗaya. Ki zaɓi lokacin da ta natsu, bayan ta ci abinci, ki zauna kusa da ita ki shimfiɗa tafukanta biyu a cinyarki, ki duba gindin babban yatsa na dama, ki gwada da na hagu. Abin da kika gani ki rubuto mini, kada ki ɓoye don tausayi. Sannan ki sa bakinki a kunnenta ki ce Auta ta ce ciwon gaskiya ne, ba raki ba ne, ta yarda, kuma tana neman gafara. Ko ba ta gane wace ce Auta ba, ki faɗa. In ta manta, gobe ki sake faɗa. Ina so maganar ta isa kunnenta kafin a shigar da ni ɗakin fiɗa.

Ki gaishe mini da maigidanki, Allah ya saka masa da alheri bisa haƙurin zama da surukuwa. Ki gaida babban ɗanki da matarsa, da wanda ya kammala karatu, da 'yan biyunki masu ƙiriniya. Ki gaida Kawu idan ya leƙo, da Gwaggo, amma kada ki gaya mata zancen fiɗa sai an gama, kin san hawan jininta. Baban yara yana gaishe ku, Lauya da mijinta suna gaishe ku, Gajera ma ta ce lalle in sa sunanta. Ki yafe mini duk abin da na taɓa yi miki, na sani da wanda ban sani ba. Allah ya sada mu da alheri.

Taki har kullum,
ƙanwarki, Auta.